ƊAN AIKE BA YA WUCE SAƘONSA: Yadda Ya Kamata a Auna Bayanin Kayan Aikin Ƙirƙirarriyar Basira

Gabatarwa

Tun daga watan Nuwamba na shekarar 2022, sa'ad da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, zancen ƙirƙirarriyar basira bai bar bakin malamai da ɗalibai ba. A sassan koyar da Hausa galibin muhawarar ta tsaya ne a kan abu biyu, watau ko na'urar ta iya Hausa mai kyau, da kuma ko ɗalibai za su riƙa sa ta tana rubuta musu jinga. Dukansu abin dubawa ne. Amma ana cikin wannan ja-in-ja sai ga shi na'urar ta tashi daga matsayin abokiyar hira ta koma mai zuwa aike. Yanzu akan umurce ta ta binciko farashi, ta cika fom, ta aika da saƙo, ta tsayar wa mutum ranar ganin likita, wani lokaci ma har ta biya kuɗi. Irin wannan na'ura mai aiwatar da aiki a madadin mutum ita ce za a riƙa kira “ɗan aike” a cikin wannan maƙala.

Shi wannan ɗan aike ba shi da hannu ko ƙafa. Abin da yake taɓa duniya da shi shi ne waɗansu ƙananan manhajoji da ake kira kayan aiki, kowanne da ɗan taƙaitaccen bayani wanda wani mutum ya zauna ya rubuta. Ra'ayin da wannan maƙala ke ɗauke da shi kashi uku ne. Na ɗaya, ingancin aikin ɗan aike ya rataya ƙwarai a kan ingancin wannan bayani. Na biyu, ba a sanin ingancin bayanin ta hanyar karanta shi a ji daɗinsa, sai an gwada shi. Na uku, wannan awo aikin harshe ne, saboda haka sassan Hausa na da haƙƙi a cikinsa, kuma idan suka yi sake waɗansu za su yi shi a kan Hausawa ba tare da Hausawa ba.

Yadda Abin Yake Aiki

Ƙwaƙwalwar ɗan aike ita ce abin da ake kira injin harshe, watau manhajar da aka horar da ɗimbin rubuce-rubuce har ta iya karɓar magana ta mayar da magana. Wannan inji ba ya ganin cikin kayan aikin da aka ba shi, bai kuma san yadda aka ƙera su ba. Abubuwa uku kaɗai ake nuna masa: sunan kayan aikin, da bayanin abin da yake yi, da jerin guraben da za a cika kafin ya motsa. Alal misali, kayan aiki na duba farashin hatsi zai iya samun gurabe uku, ɗaya na sunan kasuwa, ɗaya na irin hatsi, ɗaya na ma'auni. Idan mutum ya yi tambaya, injin yakan duba bayanan da ke gabansa ya zaɓi wanda yake jin ya dace, ya cika guraben, sa'an nan wata manhaja ta aiwatar ta dawo masa da sakamako. In ya zaɓi wanda bai dace ba, ko ya cika gurbi da abin da ba shi ake nufi ba, to aikin ya ɓaci tun daga tushe, ko da kuwa ya kawo rahoton cikin Hausa mai daɗin ji.

Wannan tsari bai daɗe ba. A shekarar 2022 masu bincike na Jami'ar Princeton da kamfanin Google suka bayyana wata dabara mai suna ReAct, wadda ke sa inji ya riƙa gwama tunani da aiki. A watan Fabrairu na 2023 masu binciken kamfanin Meta suka fitar da Toolformer, injin da ya koyi kiran kayan aiki kamar na'urar lissafi. A watan Yuni na wannan shekarar OpenAI ya buɗe wa masu ƙera manhaja hanyar haɗa nasu kayan aikin da injinsa. Sai kuma a watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'ida ta bai-ɗaya da ake kira MCP, wadda OpenAI da Google suka karɓa a 2025. Abin da ya biyo baya shi ne, dubban mutane a duniya suka shiga ƙera kayan aiki, kuma da yake mafi yawansu masana kwamfuta ne, sukan ba da ƙarfinsu ga ƙirar, bayanin kuwa a rubuta shi a gurguje daga ƙarshe. Daga baya in ɗan aike ya yi kuskure sai a ce na'ura ba ta da hankali. Hausawa kuwa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Darasi Daga Ƙamus

Ɗalibin Hausa ba baƙo ne ga wannan matsala ba, ko da bai taɓa ƙera manhaja ba, domin kuwa ita ce matsalar mai rubuta ƙamus. Mai ƙamus yana rubuta wa mutumin da ba ya nan, wanda ba zai iya ɗaga hannu ya ce “ban gane ba”, kuma dole ne 'yan layukan da aka ba shi su ishe shi ya yi amfani da kalma daidai. Haka ɗan aike yake a gaban bayanin kayan aiki.

Tarihin ƙamusoshin Hausa ya nuna yadda aka yi ta fama da wannan. Ƙamusun Schön na 1876 da na Robinson na 1899 sun share fage, amma sai a ƙamusun Bargery na 1934 aka sami aikin da ya nuna karin sauti da tsawon wasali, ya kuma riƙa faɗin cewa wannan kalma ta Katsina ce, waccan ta Sakkwato. Ƙamusun Abraham na 1949 ya shahara ne da yawan jimlolin misali, domin sau da yawa misali ɗaya ya fi dogon sharhi warware ma'ana. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya ɗauki nauyin da ya fi wuya, watau bayyana Hausa da Hausa, inda babu damar a fake da kalmar Turanci a wuce. Littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, shi kuma ya koyar da cewa a fagen ilmi ya kamata kalma ɗaya ta tsaya wa ma'ana ɗaya.

Duk wanda ya yi darasin ƙamus ya san aibobin da ake gudu: a bayyana kalma da ita kanta, a bayyana ta da abin da ya fi ta duhu, a ba da ma'anar da ta yi faɗi har ta haɗiye maƙwabciyarta. Waɗannan aibobi su ne ainihin waɗanda ake samu a bayanin kayan aiki. Kayan aiki mai suna “nemo bayani” wanda aka bayyana shi da cewa “yana nemo bayani” bai bambanta da ƙamusun da ya ce “gudu shi ne yin gudu” ba. Sai dai akwai bambanci guda mai nauyi. Mai karanta ƙamus in ya ruɗe yakan rufe littafi ya tambayi malami, shi kuwa ɗan aike in ya ruɗe sau da yawa yakan yi kirdado ya ci gaba da aiki, kuma kuɗin wani ko lafiyar wani ce a hannunsa.

Ma'aunan Bayani Mai Inganci

Domin a ga abin a fili, a ƙaddara wani manomin rani ne a Ajiwa, cikin ƙasar Batagarawa, yake magana da ɗan aike ta wayarsa da Hausa, yana son ya san farashi, ya sayi taki, ya aika wa ɗan'uwansa kuɗi. Da irin wannan mutum ya kamata a auna kowane bayani, kuma ga ma'aunan da wannan maƙala ke ganin sun fi muhimmanci.

Na farko shi ne rarrabewa. Bai isa bayani ya faɗi abin da kayan aiki ke yi ba, sai ya faɗi inda ya sha bamban da maƙwabcinsa, da kuma lokacin da bai kamata a taɓa shi ba. In akwai kayan aiki biyu, ɗaya na farashin yau, ɗaya na farashin shekarun baya, kuma kowanne aka ce “yana ba da farashin hatsi”, to an bar ɗan aike da canki-canka. Manomin zai iya karɓar farashin bara yana tsammanin na bana ne, ya sayar da amfaninsa da asara.

Na biyu shi ne awo, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. A watan Satumba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda takardar ƙa'ida ta ce a ba da lissafin ƙarfin tunkuɗa da awon mita, alhali wata manhaja tana bayarwa da awon Ingilishi, wanda ya bambanta da wancan fiye da ninki huɗu. Takarda ta faɗi abu ɗaya, kayan aiki yana yin wani. Idan haka ta faru ga injiniyoyin da ke magana da harshe ɗaya, ina ga kasuwar ƙasar Hausa? Tiya da mudu da kwano ba girmansu ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, haka nan buhu. Kuɗi ma haka yake. Tun kafin a canja zuwa naira a ranar 1 ga Janairu 1973 Bahaushe yana kiran fam 100 da jaka, kuma sunan ya bi naira 200. Amma da an wuce Jibiya an shiga ƙasar Maraɗi, jika ita ce sefa 1,000, kuma lissafi da dala ake yi, watau sefa 5, ta yadda in ɗan kasuwa ya ce “ashirin” sefa 100 yake nufi. Gurbin da aka rubuta masa “adadin kuɗi” kawai, ba a ce naira ko kwabo ko sefa ba, tarko ne. Bayani mai inganci zai faɗi ma'aunin da gurbi ke karɓa, ya kuma umurci ɗan aike ya tambaya idan mai magana ya kawo awon da ba shi da tsayayyen girma.

Na uku shi ne siffar abin da za a cusa a gurbi. A watan Disamba na 2024 injiniyoyin Anthropic sun bayyana cewa ɗan aikensu ya riƙa kuskuren wurin da fayil yake idan aka bar shi ya ba da guntun adireshi, da suka gyara kayan aikin ya zama dole a ba da cikakken adireshi sai kuskuren ya kau. Abin ya yi kama da bambancin a ce wa baƙo “gidan da ke bayan masallaci” da a faɗa masa gari da unguwa da layi. A Hausa wannan matsala ta fi tsanani. Sunan gari ɗaya ana rubuta shi Dutsin-ma da Dutsinma, Funtua da Funtuwa, Jibia da Jibiya, Kankara da Ƙanƙara. Idan rumbun bayanai ya san rubutu ɗaya kaɗai, kuma ba a gaya wa ɗan aike ba, zai dawo ya ce babu wannan gari. Haruffa masu lanƙwasa su ne ke raba kafa da ƙafa, da baki da baƙi, da daidai da ɗaiɗai, ga shi kuwa masu rubutu a waya da yawa ba sa sa su. Rubutun yau da kullum kuma ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka “farashin gari” zai iya zama farashin da ake yayi a cikin gari, ko kuma farashin garin tuwo. Lokaci ma yana da nasa tarkon, domin daren Juma'a a wurin Bahaushe shi ne daren da ke biyo bayan yinin Alhamis, wanda agogon kwamfuta ke lissafa farkonsa a cikin Alhamis.

Na huɗu shi ne sakamako da haɗari. Wajibi ne bayani ya faɗi abin da zai dawo, ya kuma faɗi ko aikin na dubawa ne kawai ko kuwa na aiwatarwa ne wanda ba a iya janye shi. Duba ragowar kuɗi a asusu daban, aika kuɗi daban. Ƙa'idar MCP ta tanadi alamomin da mai ƙira zai nuna cewa kayan aikinsa karatu kawai yake yi ko yana iya share abu, amma ita kanta ƙa'idar ta yi gargaɗi cewa alamomin ishara ce, ba a dogara da su sai daga majiyar da aka amince da ita. Har wa yau, saƙon da kayan aiki ke mayarwa idan an yi kuskure shi ma wani yanki ne na bayani. Saƙon da ya ce “kuskure” kawai bai koya wa ɗan aike kome ba, amma wanda ya ce ba a sami wannan kasuwa ba, ga sunayen da aka sani, ya nuna masa hanyar gyara.

Na biyar shi ne tsawo daidai wa daida. Injin harshe yana da iyakar abin da zai iya riƙewa a lokaci guda, tamkar allo ne wanda in ya cika sai an wanke. Dukan bayanan kayan aikin da aka ba shi a kan wannan allo suke zama, kuma kamfanoni na cajin kuɗi ne bisa yawan gutsattsarin kalmomin da aka karanta. Saboda haka surutu yana da tsada, gajarcewa fiye da kima kuma tana da haɗari. Ma'aunin shi ne, kowace jimla a cikin bayani ta zama tana hana wani kuskure takamaimai. Wadda ba ta hana kome ba, kamar kirarin cewa wannan kayan aiki mai ƙarfi ne mai sauri, cire ta ya fi.

Na shida shi ne amana. A watan Afrilu na 2025 wani kamfanin tsaro mai suna Invariant Labs ya nuna cewa ana iya ɓoye umurni a cikin bayanin kayan aiki, wanda mai amfani ba ya gani amma ɗan aike yana karantawa, har a sa shi ya kwashi asirin mai shi ya aika wani wuri. Wannan ya nuna cewa mai auna bayani ba ma'ana kaɗai zai duba ba, sai ya tambaya ko bayanin yana siffanta kayan aiki ne ko kuwa yana ba da umurnin da ya wuce huruminsa. Wanda ya yi nazarin salo da manufar magana ya fi kowa saurin jin ƙanshin irin wannan.

Sai An Gwada

Waɗannan ma'aunai za su taimaki mai rubutu da mai tacewa, amma ba su isa hukunci ba. Dalili kuwa shi ne, wanda ya rubuta bayani ya riga ya san abin da yake nufi, saboda haka idonsa yana cike giɓin da ke cikin rubutunsa ba tare da ya sani ba. Abokin aikinsa ma haka. Alƙalin gaskiya shi ne baƙon da ba shi da kome sai takardar, watau shi ɗan aiken kansa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Hanyar gwajin ba ta da wuyar fahimta. Da farko a tara buƙatu na gaske, irin waɗanda mutane ke faɗa da bakinsu, da karin harshensu da kurakuran rubutunsu, kowace a rubuta mata amsar da ta dace tun kafin a fara. Sa'an nan a ba ɗan aike, a ƙirga abubuwa huɗu: sau nawa ya zaɓi kayan aikin da ya dace, sau nawa ya cika gurabe daidai, sau nawa ya tsaya ya yi tambaya a inda magana ke da harshen damo, da kuma sau nawa ya ƙi taɓa kome a inda babu kayan aikin da ya dace. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi, alhali da muguwar rawa gara ƙin tashi. Jadawalin gwajin da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka buɗe a 2024 ya sa shi cikin abubuwan da yake aunawa, kuma hakan daidai ne.

Bayan ƙirga, sai a zauna a karanta yadda kowane kuskure ya auku, domin alƙaluma suna faɗin cewa an faɗi, ba sa faɗin dalili. In an gano jimlar da ta jawo ruɗani sai a gyara ta ita kaɗai, a bar sauran abubuwa yadda suke, a sake gwaji. Ta haka ne za a tabbata cewa gyaran ne ya kawo canji. Akwai sharuɗɗa uku da ke kare gwajin daga yaudarar kai. Na ɗaya, a ware waɗansu buƙatu a ɓoye, kada mai gyara ya gan su, kamar yadda malami ba ya koyar da ainihin tambayoyin jarrabawa. Na biyu, a maimaita kowace buƙata sau da dama, domin injin harshe ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum, kuma ɗan aiken da ya yi daidai yau ya kuskure gobe ba a ba shi amanar kuɗi. Na uku, a gwada da injin kamfani fiye da ɗaya, kada bayanin ya zama an ɗinka shi ne daidai jikin inji guda.

Masu Ja Da Wannan Ra'ayi

Mai karatu zai iya cewa ai galibin bayanan nan da Turanci ake rubuta su, to ina ruwan Hausa? Gaskiya ne da Turanci ake rubuta mafi yawansu, mai yiwuwa kuma hakan zai ci gaba, tun da injunan sun fi ƙwarewa a Turanci, rubutun Hausa kuma yakan ci gutsattsari fiye da na Turanci. Amma buƙatar manomin Ajiwa da Hausa take zuwa, kuma bayanin shi ne gadar da za ta bi ta isa ga kayan aiki. Ko da wane harshe aka gina gadar, wanda ya san tiya da jaka da daren Juma'a shi ne zai san inda za ta karye. Buƙatun gwaji kuwa dole da Hausa za a rubuta su, kuma fassara su daga Turanci ba za ta wadatar ba, domin fassara ba ta ɗauko irin harshen damon da ke cikin maganar kasuwa.

Wani kuma zai ce injunan kullum ƙara basira suke yi, nan gaba za su gane ko da bayanin ya gurgunce. Lalle suna ƙara basira, kuma waɗansu kurakuran za su ragu. Sai dai basira ba ta ƙago labarin da ba a ba ta ba. Komai hazaƙar ɗan aike, in ba a faɗa masa cewa gurbin nan kwabo yake karɓa ba, ba shi da hanyar sani sai kirdado. Hasali ma, gwanin da ya iya magana kirdadonsa ya fi haɗari, domin ya fi saurin gamsar da mai sauraro.

Na uku zai ce a bar na'ura ta rubuta wa 'yar'uwarta bayani ta kuma auna shi. Ana yin haka, yana kuma da amfani wajen gano saɓani da maimaici. Amma wani ne zai yanke cewa amsa kaza ita ce daidai, kuma a kan al'amarin Hausawa wannan hukunci na mai harshen ne. Injin da bai ƙware a Katsinanci ba in aka naɗa shi alƙalin Katsinanci, kuskurensa zai yi ta tabbatarwa.

Kammalawa

Hausa ta riga ta shiga wannan fage. Google ya sa ta cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, ƙungiyoyin masu bincike irin su Masakhane da HausaNLP sun tattara bayanai masu yawa, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da injin N-ATLAS wanda Hausa ke cikin harsunansa. Mataki na gaba shi ne a haɗa irin waɗannan injuna da banki da asibiti da kasuwa da ofis, kuma a nan ne kuskuren kalma zai koma asarar dukiya.

A kan hanyar Dutsin-ma, cikin ƙasar Batagarawa, akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa wadda aka kafa a 2006, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Tarayya, ga ƙauyuka da kasuwanni kewaye da su. Abin da ake bukata domin fara wannan aiki bai fi ƙarfin sashe ɗaya ba. Malaman ƙamus da fassara za su iya sa rubuta bayanin kayan aiki da tace shi cikin jingar da suke bayarwa. Ɗaliban ajin ƙarshe, maimakon su yi ta maimaita batutuwan da aka riga aka tatse, za su iya fita kasuwa, da izinin masu magana, su tattaro yadda ake tambayar farashi da awo da lokaci, su mayar da shi kundin gwaji. Ɗaliban kwamfuta su kawo ƙira, na Hausa su kawo awo, a zauna teburi ɗaya. Kundin buƙatu 'yan ɗaruruwa da aka tace da kyau, kowace da amsarta, zai amfani duk wanda ke son ƙera ɗan aike domin Hausawa, zai kuma ba jama'a abin da za su riƙe su tuhumi wanda ya kawo musu na banza.

Waɗanda suka rubuta ƙamusoshin farko na Hausa baƙi ne, Hausawan da suka taimaka musu kuwa sunayen kaɗan daga cikinsu ne suka fito a bangon littafi. An ɗauki shekaru masu yawa kafin masu harshen su karɓi ragamar bayyana kalmominsu da kansu. Bayanin kayan aiki shi ne sabon fagen da ake yanke ma'anar maganar Bahaushe, kuma har yanzu ƙofarsa a buɗe take. Ya rage ga malamai da ɗalibai su shiga tun ana shata iyaka.